Ƙuduji a Gonar Gawo

Ranar da aka yanke maganar gonar gawo, Garba bai shiga zauren maigari ba sai da aka kira sunan babansa sau biyu. Ya kafe motonsa, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, a gindin dalbejiya, ya cire takalma, ya samu wuri can baya kusa da ƙofa ya tsuguna. Zauren ya cika. A ƙauyensu, wanda bai fi tafiyar rabin sa'a ba daga Gidan Amumune, ba kullum ake samun shari'ar gona tsakanin gidaje biyu da suka ci tuwo a akushi ɗaya ba.

Maganar ba ta da wani tsawo. Shekara ashirin da suka wuce, a shekarar da fara ta sauka ta cinye hatsi tun yana tsaye, maƙwabcinsu Sabi'u ya sayar da gonarsa ya ciyar da iyalinsa. Da bazara ta zo ba shi da inda zai sa sungumi. Baban Garba, Malam Ishaya, dattijo a majami'arsu, ya kama hannunsa ya kai shi gonar gawo, wadda ta fi duk gonakinsa albarka, ya ce ya noma har Allah ya buɗa masa. Sabi'u musulmi ne, Ishaya kirista, amma tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki.

To a ƙasarsu, wanda aka ara wa gona, kowace kaka yakan ɗauki damin hatsi ɗaya ya kai ƙofar mai gona da rana tsaka, a idon kowa. Ba don damin zai cika rumbu ba. Damin shi ne takarda, shi ne sa hannu, shi ke gaya wa gari cewa wane noma yake yi, amma ƙasa ta wane ce. A kakar farko Sabi'u ya ɗaure damin ya ɗora a ka. Ishaya ya tare shi tun a bakin gona, kafin ya shigo gari, ya ce masa ya mayar, 'ya'yansa sun fi bukata, tsakaninsu ba sai da dami ba. Daga ranar ba a sake kawowa ba, kuma ba wanda ya gani.

Yanzu Sabi'u ya rasu. Garba ya yi aure, matarsa Keziya ta haifi 'ya mace, Leya, gonar da ta rage musu kuwa wani tudun rairayi ne da ba ya riƙe gida ko wata biyar. Ishaya ya bari aka shekara da rasuwa, sannan ya je wurin Mutari, babban ɗan Sabi'u, mai shagon siminti a Tasawa, ya ce masa lokaci ya yi. Mutari ya ce shi bai san wani aro ba, ya tashi ya tarar da ubansa yana noman gonar, gado ce.

Maigari ya tambayi zaure ko akwai wanda ya taɓa ganin dami ya shiga gidan Ishaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Aka ce a kira uwar Mutari, Inna A'isha. Mutari ya ce tana Tasawa gidan 'yarta, yanar ido ta rufe mata gani, likita ya hana a tayar mata da hankali. Saura rantsuwa ke nan. Mutari ya miƙe ya nemi buta zai yi alwala.

Garba ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ya san abin da ake cewa kan mai dafa Littafi bisa ƙarya: wani gobara, wani hauka, wani ba ya ganin kakar baɗi. Ya gyara tsuguno don ya gani da kyau.

Sai babansa ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a bar rantsuwar nan."

"Malam Ishaya, ka san mi kake cewa?" in ji maigari. "In ba rantsuwa, gona ta tahi."

"Na sani. Yaron nan a hannuna aka yi mashi suna. Ba ni sa ɗan Sabi'u ya rantse a kan abin da ni da shi muka san gaskiyarsa. Allah ya ga ranar da na ba da gonar. Shina da lokacinsa."

Mutari ya ajiye butar a hankali, bai dubi kowa ba.

A hanyar gida Garba ya tura moton da hannu, don babansa ya ce da ƙafa zai tafi. Sun yi nisa kafin ya iya buɗe baki.

"Baba, sau biyu ka ba da gonar nan. Ka ba uban, yau ka ba ɗan. Mu mi ka bar muna?"

"Garba, ka sassauta murya."

"Haƙuri, haƙuri, kullum haƙuri! Haƙuri ake damawa a ba Leya?"

Tsohon ya tsaya daidai inda ake hango itatuwan gawo bakwai na gonar. Shi ya rene su tun suna tsiro, yana kewaye su da ƙaya don awaki.

"Ka dubi itacen can," in ji shi. "Da damina, kowane itace na ado, shi tsirara kamar matacce. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauko gatari. Sai rani ya yi tsanani, komi ya bushe, sannan ya fidda ganye. Wanda ya tsara mashi lokacinsa bai manta da mu ba."

"Gawo ba ya da ɗiya mai kukan yunwa," in ji Garba. Ya hau motonsa ya tayar, ya bar tsohon a tsaye.

Daminar nan Mutari ya sa 'yan ƙwadago suka noma masa gonar. Hatsi ya yi kyau har abin ya zama kamar zagi. Da kaka amalanke ya yi ta safara, kuma hanyar rumbunan gidan Sabi'u ta ƙofar su Garba ta bi. Keziya takan ja labule in ta ji ƙarar ƙafafun amalanken. Garba shi fitowa yake ya tsaya, yana kallon kowane dami har ya wuce.

Wata ranar kasuwa yana tashar 'yan kabu-kabu a Gidan Amumune, Mutari ya sauko daga motar Tasawa da farar shadda da waya biyu a hannu. Akwai moto fiye da goma a jere, amma wurin Garba ya nufa.

"Kai mai moto, kai ni gonata mana. Ka san hanya ai, ko?"

'Yan tasha suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Garba ya kau da kai.

"Ba isansi," in ji shi, yana nuna tankin mai.

"Ayya. To gai da Malam. Ka ce mashi in hatsi ya yanke maku, ya aiko, ba mu hana maƙwabci."

Da ba don wani dattijon direba ya dafa kafaɗarsa ba, da a ranar an kwana da Garba a hannun jandarma. Ya yi ta tunanin abin da zai yi. Ya yi tunanin wuta, amma wuta tana da hayaƙi, kuma rumbunan suna jikin gidajen mutane. Ya yi tunanin gatari da itatuwan gawo, sai ya ga hannun babansa a jikinsu. Ya yi tunanin tare Mutari a hanya. Duk waɗannan na yini ɗaya ne. Shi abin da yake so, abin da zai daɗe, wanda Mutari zai riƙa tashi da shi kowace shekara.

A hanyar garin Sarkin Hausa ya same shi. Ya kai wata mata da buhun wake, yana dawowa, sai ya ga wata gona da aka yi watsi da ita. Hatsin bai kai gwiwa ba, ya yi rawaya kamar an babbaka shi, a tsakaninsa kuwa furanni ja-ja sun rufe ƙasa, gwanin kyau. Ƙuduji ne. Duk manomi ya san shi. Ba ya da saiwar kirki ta kansa, saiwar hatsi yake kamawa a ƙarƙashin ƙasa ya tsotse ta, kafin ya leƙo waje ya riga ya gama ɓarna. Irinsa ya fi garin kwalli laushi, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma yakan kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye, ba ya ruɓewa, ba ya tsirowa, sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi.

Garba ya kashe moto ya daɗe yana kallo. Sai ya yi murmushi, karo na farko tun ranar zaure. Ashe akwai mai haƙuri irin wanda Baba yake so.

Sati uku ya yi yana bin gonakin da ƙuduji ya kama. In ya sauke fasinja sai ya ratse, ya kakkarya busassun kawunan ya cusa a buhu. A bayan garka ya shanya su bisa tsohuwar leda, ya murje, ya tace da ɗankwalin Keziya da ta daina ɗaurawa. Abin da ya fito bai cika gorar ruwan roba ba, baƙi-baƙi, ba nauyi. Ya ɗaure bakin gorar ya soka ta cikin jinkar ɗaki.

Keziya ta gan ta ranar da take kakkaɓe yanar gizo.

"Baban Leya, mi ne wannan? Kwalli kake saidawa yanzu?"

"Maganin ɓera ne. Kar ki taɓa."

"Wane irin ɓera ne ba a sa mashi magani sai ajiya?"

"Babba ne," in ji shi. "Sai bazara yake fitowa."

Ta dube shi ta daɗe, ta mayar da gorar inda take. Da za ta fita ta ce, "Tun kaka ban ji ka yi waƙa a majami'a ba."

Gaskiya ta faɗa. Yana zuwa kowace Lahadi don kada babansa ya yi magana, amma bencin baya yake zama. In an tashi addu'ar da ake yi baki ɗaya, yakan bi har a zo wurin gafarta wa masu laifi, nan sai ya rufe bakinsa, ya jira a wuce, ya ci gaba. Babansa kuwa kowane mako sai ya sa gidan Sabi'u a addu'a, da suna. Garba yakan ji kamar ana zuba masa barkono a gyambo. Hatsinsu ya ƙare tun kafin Ista. Abin da moto ya kawo shi ake aunowa a kasuwa, tiya ɗaya yau, rabi gobe, Keziya tana ƙara ruwa a fura tana cewa ita ta fi son ta haka.

Bazara ta zo da zafinta, gajimare ya fara taruwa a gabas. Wata ranar kasuwa motar Tasawa ta sauke wata tsohuwa da baƙin tabarau da ƙullin kaya. Ta tsaya tana dube-dube, har idonta ya sauka a kansa.

"Wannan ba Garba ba ne, ɗan Tabita? Zo ka kai ni gida, ɗan nan."

Inna A'isha ce, uwar Mutari. An yi mata aikin ido, ta dawo. Garba ya so ya ce ba isansi, amma tsohuwar nan ta goya shi yana jariri, lokacin da uwarsa Tabita ta yi ciwon da ya zama ajalinta daga baya. Ya ɗaure mata kaya ya ɗauke ta. Duk hanya tana magana, yana amsawa da "uhm". Da ya sauke ta a ƙofar gida ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka ce ma babanka ina son ganinsa. Ni ba ni iya shiga gidanku yanzu, da wane ido? Ka ce mashi ya zo, don Allah. Ka ji?"

"Na ji, Inna."

Ya juya moto yana cizon leɓe. Ya san abin da za a yi. Za a shimfiɗa wa Baba tabarma, a kawo masa fura da hatsin gonarsa, a ba shi haƙuri, shi kuma ya karɓa da hannu biyu har ya yi godiya. Ba da shi za a sake wannan ba. Saƙon ya mutu a cikinsa.

Bai koma tasha ba. Rana ta take, gari ya watse kasuwa, ko kare ba ya motsi. Ya zaro gorar daga jinka, ya juye ta cikin rabin buhun rairayi, ya cakuɗa sosai. Ya bi ta bayan gari ya shiga gonar gawo. An riga an share ta, tana jiran ruwa. Ya fara daga gabas, yana tafiya yana watsawa kamar mai zuba taki, ya kai ƙarshe ya juyo. Bai bar kusurwa ba. Da ya zo gindin babban gawon, inda ya tuna uwarsa tana ajiye ƙwaryar fura yana ɗan shekara biyar, ya ɗan tsaya. Sai ya tuna farar shadda da waya biyu. Ya cika hannu ya watsa har can ma. Ya kakkaɓe buhun, ya tofa yawu.

"Ga gadonka, Mutari."

Kwana uku bayan haka aka yi ruwan shuka.

Wata na farko ba abin da ya nuna. Hatsi ya tsiro kore shar, har Garba ya fara tsoron ko irin ya mutu. Bayan maimai sai ganye ya fara naɗewa. Aka ce ƙarancin ruwa ne, ruwa ya zo bai warware ba. Hatsin maƙwabta ya wuce kan mutum, na gonar gawo ya tsaya a ƙugu, ya yi rawaya. Sannan furannin suka fito, ja-ja, daga wannan iyaka zuwa waccan.

Garba ya sake hanya, ko ina za shi sai ya bi ta gefen gonar. Yakan rage gudu ya cika idonsa. 'Yan ƙwadago suka aika wa Mutari cewa a tuge ciyawar kafin ta zubar da iri. Mutari ya ce ba zai biya noma na uku a gonar da ba za ta mayar masa ba. Da Garba ya ji haka a tasha, ya saya wa 'yan uwansa shayi. Abincinsa ya ƙaru. Har waƙa Keziya ta ji yana yi yana wanke moto, amma ba ta yi murna ba.

Wata safiya ya hango mutum a tsakiyar gonar, a duƙe. Ya matsa. Babansa ne, da tsohuwar hularsa, yana tuge ƙuduji ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefe. Abin da ya share bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

"Baba! Gonar ɓarawo kake ma aiki?"

Tsohon ya ɗago da ƙyar, hannu a ƙugu.

"Gona ba ta yi sata ba, Garba." Ya dubi furannin har iyakar ganinsa. "Shekara arba'in na san ƙasar nan, ba ta taɓa sanin ƙuduji ba. Ban san ta inda ya shigo ba."

"Wataƙila lokacin Allah ne da kake faɗi."

"A'a," in ji tsohon a hankali. "Wannan bai yi kama da hannunsa ba. Akwai jikokin Sabi'u tara da ke ci daga nan."

Ya sake duƙawa. Garba ya ja moto ya tafi, yana gaya wa kansa cewa Leya ma jikar wani ce.

Aka yi girbi. Abin da aka samu a gonar gawo amalanke ɗaya ya kwashe shi, bai ma cika ba. Ƙudujin ya bushe a tsaye, ya fashe, ya zubar da abin da ya fi na gorar Garba sau dubu.

Ranar wata Asabar da hantsi, Garba yana ƙofar gida yana gyaran sarƙar moto, babansa yana kan tabarma yana tufkar igiya, sai suka ji gari ya ɗauki wata irin hayaniya ƙasa-ƙasa. Mata suna leƙowa ta kan darni. Daga ƙarshen layi Inna A'isha ce take tahowa, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tallafe da damin hatsi a kanta. Ba ta bi gajeriyar hanya ba. Ta ƙofar masallaci ta biyo, ta wuce zauren maigari, ta ratsa wurin mahauta, mutane suna binta a baya. Duk wanda ya gani ya san abin da yake gani.

Ta iso ta sauke damin a gaban Malam Ishaya. Ƙaramin dami ne, zangarniyar sirara, rabi ba ƙwaya. Ta tsaya tana haki.

"Malam Ishaya, ga damin gonarka. Na shekara ashirin ne, ka yi haƙuri da ƙanƙantarsa, abin da ta ba da ke nan bana."

Ishaya ya miƙe, igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"A'i, mi ya kai ki? Da kin aiko."

"Aike? Ai na gaji da aike." Ta juya wajen jama'a ta ɗaga murya. "Ni na ɗaure damin farko da hannuna. Ni maigidana ya dawo ma da shi ya ce Ishaya ya ƙi karɓa. Har ya koma ga Allah yana ce mani gonar nan amana ce. Ina kwance Tasawa ba ni gani aka yi abin da aka yi, aka ɓoye mani. In na faɗa da baki a ce tsufa ne. To ga dami, a ce shi ma tsufa ne."

Mutari ya iso da gudu, ya zo ƙauye kwasar hatsi ne a ranar. Ya kutsa cikin mutane.

"Inna, mi ne haka? Ki zo mu tahi gida."

Ba ta dube shi ba, ba ta kuma kama sunansa ba, ɗan fari ne.

"Yaron nan, in ƙarya nake, ga maigari can tahe. Ka faɗa a gabansa uwarka maƙaryaciya ce."

Mutari ya dubi damin, ya dubi mutane. Can ya yi wata dariya mai ɗaci.

"Ku riƙe. Mi ya rage cikinta? Gonar ƙuduji. Ku ci fure."

Ya juya ya tafi. Garba bai ji daɗin da ya shekara biyu yana jira ba, don tsohuwar ta riga ta ci gaba da magana.

"Tun bazara na so mu gama wannan, Malam, tun ba a yi shuka ba, ka shiga gonarka da ruwan farko. Ranar da na sauka na aiko ɗanka ya kira ka. Na yi kwana bakwai ina shimfiɗa tabarma. Da ba ka zo ba na ce fushi kake, kuma kana da gaskiya. Shi ne na ce bari in jira kaka."

Ishaya ya juyo ya dubi Garba. A bakin ƙofa Keziya tana tsaye da Leya a goye, ita ma shi take kallo, kuma ya ga ta gama haɗa lissafin gorar.

Da la'asar Garba ya tarar da babansa a gindin babban gawon. Itacen ya fara fidda sabon ganye, ƙasa kuwa duk busassun karan ƙuduji ne, suna ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, ni ne."

"Saƙon? Na gane."

"Ba saƙon kaɗai ba." Ya nuna ƙasa da hannu. "Ni na zuba shi. Ranar da na kawo Inna. Daga sauke ta nan na yo."

Tsohon ya tsinke kan ƙuduji ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya dubi baƙin garin.

"Ranar," in ji shi. "Ranar da Allah ya ɗora amsar bisa motonka."

Garba ya kifa kai a gwiwa. Ya so a zage shi, ko a ɗauki sanda. Da Mutari ne a gabansa da ya san abin da zai yi da wannan zafin, amma ba kowa a gonar sai shi da aikinsa.

"Shekara nawa, Baba?"

"In an bar hatsi, aka sa gujiya da wake da riɗi, shina tsirowa ya rasa abin kamawa ya mutu. A zuba taki, duk wanda ya leƙo a tuge shi kafin ya yi fure. Kowace damina, ba tsallake ko ɗaya. Wataƙila bakwai. Wataƙila goma." Ya kakkaɓe hannunsa. "Leya na karatu a lakwal kafin ta sha furar gonar nan. Ni ban sani ba ko ina nan."

"Ba wata hanya mai sauri?"

"Ka riga ka gwada mai sauri."

Wata akuya ta ratso tana tsintar 'ya'yan gawo.

"Gobe bayan majami'a za ka je wurin A'i," in ji tsohon. "Ka gaya mata da bakinka. Abincin jikokinta ka ƙona. Abin da tudunmu ya ba da bana, raba shi za mu yi da su."

"Har da Mutari?"

"Har shi za ka gaya mawa."

Garba ya ji tsohuwar wutar ta motsa a ƙirjinsa. Ba ta mutu ba, kuma ya san ba gobe za ta mutu ba. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"To yanzu fa?"

"Yanzu akwai sauran rana. Waɗanda ba su gama fashewa ba, a tattara a ƙone. A hankali za ka kama, kar ka girgiza."

Garba ya cire rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa. Ya kama na farko daga gindi, ya tuge shi sannu, ya kwantar bisa rigar kamar mai ajiye ƙwai. Ya ɗaga kai ya dubi gonar har iyakarta ta yamma, inda ya juyo da buhu a ranar. Sannan ya matsa ya kama na biyu.